Faifan Nawa Ne Ko Iƙama Aka Ba Ni?

 Na san wasu da ganin kan maganar za su ce, yo shi kuma wannan, duk matsalolin da ke damun Takari a ƙasar nan bai ga na rubutu ba sai wasan yara? Ku yi haƙuri ku karanta. In kun kai ƙarshe ba ku ga kanku a ciki ba, sai ku zage ni, na yafe.

Ɗan yayata ne ya tayar da maganar. Yaro ɗan shekara 13, ya shigo gidanmu nan Ka'akiyya wata Juma'a bayan la'asar, fuska a murtuke. Na ce lafiya? Ya ce, "Kawu, sun gyara." Na ce suka gyara me? Ashe wata dabara ce ya gano a wani wasa da yake bugawa shi kaɗai, ba da kowa ba, in ya yi ta sai kayansa su ninku. Ya kwanta barci, cikin dare na'urar ta sabunta wasan da kanta, gari ya waye dabara ta tafi. Ya ce, "Kawu, wa na cuta? Ni kaɗai fa nake bugawa." Na buɗe baki zan ba shi amsar manya, irin ta ai maguɗi ba kyau, sai na tuna abin da ni kaina na yi ina shekarunsa. Na rufe bakina.

Duk wanda ya taso a hara tsakanin 2004 da 2010 ya san abin da nake nufi. PlayStation 2, wadda duk ƙasar nan ba mai kiranta da wani suna sai Sony. A kai ta shago a sa mata ɗan abin nan da zai sa ta karanta faifan kwafi, shike nan duniya ta buɗe. San Andreas ya fito a Oktoban 2004, mu Grand kawai muke ce masa. Kuma e, na yarda, ba wasan 'yan shekarunmu ba ne, iyayenmu dai ba su san abin da ke ciki ba. Kowane gida akwai wata takarda da ta sha ninki ta sha maiƙo, an rubuta kalmomin sirri a jiki da jan biro. Wallahi har yau in ka tashe ni daga barci zan karanto maka: R1, R2, L1, X, hagu, ƙasa, dama, sama, hagu, ƙasa, dama, sama. Jini ya cika, sulke ya hau jiki, dala 250,000 ta faɗo aljihu. Ku lura da kyau, waɗannan kalmomin ba wasu ɓarayi suka cusa su ba, Rockstar da kansu suka gina su a ciki suka bar wa mai so. Daga baya ma aka riƙa samun faifan da 'yan ƙasa suka yi wa tiyata, motocin Amurka suka koma Camry da Hilux da Land Cruiser, rediyon mota na sakin waƙar Larabci, yara na ta tafhit a titunan Los Santos. Ba wanda ya zo daga waje ya ce mu daina. Ba ma yadda za a yi ya zo, Sony ɗinmu ba ta san intanet ba.

Masu ƙera shi sun tsara labarinsa don mutum ɗaya ne. Mu a ɗakinmu mu bakwai ne a kan yad ɗaya, abin da 'yan Kano ke ce wa fad. Dokarmu guda ce, wanda ya mutu ko 'yan sanda suka kama ya miƙa wa na kusa. Turancin ma ba ma ji, labarin CJ bai dame mu ba. Amma akwai inda wasan yake taka mana birki. Sauran garuruwan biyu a rufe suke sai ka yi aiken da aka ba ka. In ka yi taurin kai ka yi iyo ka ƙetare, nan take taurari huɗu su kunnu, jirgin 'yan sanda ya taso maka, kamar wanda ya doshi shingen Shumaisi lokacin Hajji ba tasrihi. Mun sha gwadawa, mun sha mutuwa, mun sha dariya. Ban taɓa jin ɗaya daga cikinmu ya ce an zalunce shi ba.

To ga abin da nake son in ce. Mutane na haɗa abu biyu su kira su da suna ɗaya, su ce kamfani na takura wa mai wasa. Ni a wurina akwai katangar da mai labari ya gina a cikin labarinsa tun kafin ka saya, akwai kuma hannun da ake zurowa cikin ɗakinka bayan ka biya kuɗinka. Ta farko haƙƙinsa ce. Na biyun ne rigimata.

Bari mu fara da katangar, don ita nake karewa, ko da abokaina za su ji haushi. Lokacin da kakata ke mana tatsuniya a kan rufin gida da daddare, ba mai cewa Kaka yau Gizo ya zama mutumin kirki. In ka matsa mata za ta ce to kai ka ba da taka. Haka kamfanin FromSoftware na Japan yake. Sekiro ya fito a 2019, Elden Ring a 2022, duka babu inda za ka zaɓi mai sauƙi ko mai wuya. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa kuɗinmu ne a ba mu sauƙi. Hidetaka Miyazaki da mutanensa suka ƙi, don a ganinsu wahalar ita ce wasan, in an cire ta ba abin da ya rage sai hoto mai kyau. Ni na yi kwana uku a kan wani dodo ɗaya a Sekiro, na kusa fasa yad, amma ranar da na kayar da shi sai da maƙwabta suka ji ihuna. Da akwai maɓallin sauƙi da tun daren farko na danna shi, na san halina. Kuma kowa ya san haka wasan yake kafin ya zaro riyal ɗinsa. Wanda bai so, ga kasuwa nan cike.

Haka Assassin's Creed, tun na farko a 2007. Ka kashe mutanen gari waɗanda ba ruwansu, wasan ya gargaɗe ka, ka ƙara ya yanke ka ya mayar da kai baya, don mutumin da kake bin tarihinsa bai yi haka ba. Katanga ce, amma an yi mata fenti da labari har ba ka jin ta.

Ba wai kowace katanga ce mai kyau ba fa. Red Dead Redemption 2 na 2018 ya ba ka ƙasa guda, ka yi farauta, ka kama kifi, ka bar gemu ya tsawo. Amma da ka karɓi aike, sai ka koma yaron da Umma ta aika bakala tana leƙensa ta taga. Ka kauce hanya kaɗan don ka zagayo ta bayan abokan gaba, sai a rubuta maka ka faɗi. Haba! Kwatanta da Zelda: Breath of the Wild na 2017, inda da ka sauko daga tudun farko, in ka ga dama ka miƙe kai tsaye gidan babban mugun da sanda a hannu, ba mai tare ka, sai dai a yi maka dukan tsiya. Wannan na biyun ya fi girmama hankalina. Amma ko na farkon, iyakar abin da zan ce shi ne magini bai iya ɗora wannan katangar ba. Ba zan ce ya shigo mini gida ba.

Shigowa gida kuwa ga yadda take. Ba wasan ɗan yayata ba ne wannan, amma irin abin ya faru a bainar jama'a. Tears of the Kingdom ya fito ranar 12 ga Mayun 2023. Cikin 'yan kwanaki mutane suka gano hanyoyin ninka kaya, lu'ulu'u ɗaya ya zama goma. Kafin watan ya ƙare Nintendo ta saki sabuntawa ta toshe su. Wasan nan ba gasa a cikinsa, ba wani ɗan Adam a ɗaya gefen da za a cuta. Kuma ba rami ba ne da mutum zai faɗa bisa kuskure, sai ka nemo shi ka danna maɓallai a jere da gangan. Gyaran da zai hana wasa tsayawa ko ya hana ajiyarka lalacewa, marhaban, ba mai faɗa da wannan. Amma mutumin da ke tashi tun asuba ya yi aiki a halagar kayan lambu ko kasuwar tumaki, ya dawo yana da minti arba'in kafin barci ya ɗauke shi, in ya ce ba zai ɓata su wajen fasa duwatsu ba, ina ruwan wani a Kyoto? Shi ya sa mutane da yawa suka kashe sabuntawar kai tsaye suka zauna a kan tsohon zubi, kamar masu ɓuya.

Na The Crew ya fi muni. Wasan tseren mota ne na Ubisoft da ya fito a 2014, ana iya buga labarinsa kai kaɗai, amma an ƙera shi sai ya gaisa da sabar kamfanin kafin ya tashi. Ranar 31 ga Maris 2024 aka kashe sabar. Wanda ke da faifai a hannu, da kwalinsa da rasit, ya wayi gari da faranti mai ƙyalli. Da wasu suka kai ƙara a Kalifoniya, lauyoyin kamfanin suka ce ai dama ba mallaka aka sayar musu ba, izinin amfani ne mai iyaka. Daga kashe sabar nan ne wani Ba'amurke mai suna Ross Scott ya fara yunƙurin Stop Killing Games, har takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. A gefe guda Kalifoniya ta yi doka a 2024 cewa shagunan intanet su daina fakewa da kalmar saya alhali izini suke bayarwa, a Oktoban shekarar Steam ta fara rubuta wa mai saye ƙarara cewa lasisi yake karɓa.

Ya 'yan uwa, a nan ne na ajiye waya na yi shiru. Izinin zama mai iyaka, wanda mai bayarwa ke iya canza sharuɗɗansa ko ya janye. Wannan ai ba sai an fassara wa ɗan Takari ba. Cikinmu akwai masu jinsiyya, akwai masu iƙama, akwai waɗanda har yau ana fafutukar takarda. Amma ba wanda bai san bambancin "nawa ne" da "an bar ni in zauna" ba. An haife ka a garin, ka yi makarantar garin, Larabcin bakinka ya fi Hausarka santsi, kakanka ma watakila a Ma'ala ko Shara'i aka binne shi, amma kwanan watan da ke jikin katin nan ka fi sanin sa da ranar haihuwarka. Ba ƙorafin dokar ƙasa na zo yi ba, ƙasa da dokarta. Abin da nake cewa shi ne, ɗakin wasan nan shi ne wuri ɗaya da yaron hara yake zama sarki, ya tuƙa motar da ya so, ya shiga garin da ya so ba mai tambayarsa hawiyya. Yanzu a ce can ɗin ma da kafili? Kuma kafilin da na biya riyal ɗari biyu da wani abu?

Sai batun masu yi wa wasa kwaskwarima, 'yan mod, jikokin waɗancan da suka sa mana Hilux a Grand. A Yunin 2017 Take-Two, uwar kamfanin Rockstar, ta aika wa masu OpenIV takardar su daina, alhali da wannan manhajar ake yawancin kwaskwarimar GTA V na mutum ɗaya. Jama'a suka yi caa, suka cika Steam da mummunan sharhi, cikin kwanaki aka sassauta, OpenIV ya dawo. Ma'ana ba alheri aka yi ba, ihu ne ya yi aiki.

To yanzu bari in kawo inda maganata ke ɗingishi, kafin wani ya kawo mini.

Assassin's Creed Shadows ya fito ranar 20 ga Maris 2025, labarinsa a Japan. Kafin fitowarsa wani bidiyo ya yaɗu, ana nuna mai wasa ya shiga wani wurin bautar Shinto na gaske da ke Himeji yana farfasa kayan ciki. Magana ta kai har majalisar Japan, Firayim Minista Shigeru Ishiba ya tanka. Ranar fitowar wasan Ubisoft ta saki gyara, teburan da kantocin wuraren bautar suka daina fasuwa. Wasu 'yan wasa a Turai da Amurka suka ce an tauye musu 'yanci. Ni kuwa da na karanta, ban ji komai ba sai fahimta. Ni ɗan Makka ne. Na taso a garin da ko bishiyarsa ba a sara, ko tattabararsa ba a kora don farauta. Mun tuna 2021 da labari ya bazu cewa ana rusa Ka'aba a Fortnite, cibiyar fatawa ta Azhar ta yi gargaɗi, har sai da Epic suka fito suka ce wani mai wasa ne ya gina abin a sashen da kowa ke gina nasa, kuma ba a iya rusa shi. Mun tuna 2008 da Sony ta janye LittleBigPlanet daga shaguna ta ɗage fitowarsa, saboda wata waƙar Toumani Diabaté, makaɗin kora na Mali, da ke ɗauke da kalmomin Alƙur'ani. A duk waɗannan ba ɗayanmu da ya tsaya yana kare 'yancin mai wasa. In mun so a kiyaye namu, da wane baki za mu ce na Japanawa a bar shi a fasa?

Zan iya cewa gyaran Shadows ranar farko ya zo, don haka katanga ce ba hannu ba. Gaskiya ne, amma wayo ne. Da masallaci ne, kuma bayan shekara guda aka gyara, da na tafa. Na yarda. Abin da ya sa kuwa, wasan mutum ɗaya ya daina zama na mutum ɗaya tun da aka sa maɓallin ɗaukar bidiyo a jikin yad. Mu bakwai ne a ɗaki a zamaninmu, yanzu ɗakin TikTok ne. Abin da ka fasa a ɓoye gobe miliyoyi na kallo, ciki har da mutanen da abin ke nufin wani abu a wurinsu. Don haka tambayar ɗan yayata ita ce ma'aunin da na samu, duk da ba cikakke ba ne: wa na cuta? A wurin bautar Himeji akwai amsa, akwai mutane masu suna da adireshi. A lu'ulu'un Zelda babu. A motar The Crew babu. Matsalar ita ce kamfanoni na amfani da ƙofar da aka buɗe don irin na farko su shigo su yi na biyu, kuma ba sa sallama.

Mu a nan ma hannu uku ne a kan yad, ba biyu ba. Akwai hukumar da ke tace wasanni. GTA V ya fito a 2013, amma sai 17 ga Yulin 2025 aka fara sayar da shi a hukumance a ƙasar nan, da alamar shekara 21 zuwa sama, bayan duk yaron hara ya haddace taswirarsa. A 2023 kuma hukumar ta ce Final Fantasy XVI ba zai fito ba saboda kamfanin bai yarda ya yi gyaran da aka nema ba. Ka ga masu ƙera wasa ma sun san daɗin a bar mutum da abinsa, in nasu aka zo taɓawa.

Sannan ga wani sabon abu. A ƙarshen Satumban 2025 aka sanar da cinikin Electronic Arts a kan dala biliyan 55, asusun zuba jarin Saudiyya, PIF, na cikin masu sayen. Masu FC da The Sims da Mass Effect ke nan. A Nuwamban shekarar kuma Assassin's Creed Mirage, wanda labarinsa ke Bagadaza ta ƙarni na 9, ya sami ƙarin babi kyauta a AlUla. Wato zancen nan ya daina zama na wasu Turawa can nesa. Wasu daga cikin yaran da ke karanta wannan shafi, masu koyon shirya manhaja a Ummul Ƙura ko Jami'ar Sarki Abdul'aziz, gobe su ne za su zauna a teburin da ake yanke ko a toshe ko a bari. Ku nake wa magana. Ku gina katangarku yadda kuka so, ku sa dodo ya yi wuya har mu yi kuka, amma ku faɗa mana kafin mu biya. In kun gyara abin da ba ya cutar da kowa, ku bar wa mutum hanyar komawa tsohon zubi. Ranar da za ku kashe sabar kuma, ku bar mabuɗi a ƙofa. Ba abin da ba a taɓa yi ba ne. Larian na Beljiyam sun fitar da Baldur's Gate 3 a 2023, a Satumban 2024 suka miƙa wa jama'a kayan kwaskwarima da hannunsu. Shagon GOG na Folan yana ba ka fayil ɗin wasa ka ajiye a rumbunka, ko intanet ta ɗauke yana tashi. Ita kanta Ubisoft, bayan ihun da aka yi, ta sa wa The Crew 2 hanyar bugawa ba intanet a 2025.

Ranar dai ban ba ɗan yayata amsa ba. Na hau kujera na sauko da wani kwali daga saman kwabar Umma, ƙura kamar an haƙo shi daga Jabal Saur. Sony ɗin ce, da yad ɗaya mai ɗaure da salatif, da memori mai megabait 8. Sai a karo na uku ta karanta faifan. Na ce masa wannan ba naka ba ne tukuna, Mamanka za ta kashe ni, ka dai kalli hannuna. Na danna R1, R2, L1, X, da sauran. Kuɗin suka faɗo, bayan shekara ashirin. Ya zaro ido ya ce, "Kawu, su ba su gyara ba?" Na ce ba su san inda nake ba. Na cire faifan na sa mana ƙwallo, ya ci ni biyu ba ko ɗaya kafin a tafi hutu. Muna cikin zagaye na biyu aka kira magariba, Umma ta shigo ba ta ce uffan ba, ta miƙa hannu bayan talabijin ta zare wayar wuta.